Nuɗfa a Hannun Likita: Darasi a kan Haihuwar Kwalba da Kwanakin Farko na Halittar Ɗan Adam

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fari halittar mutum daga abin da ido ba ya iya gani, ya raine shi cikin duhun mahaifa ba da shawarar uwa ko uba ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata takarda ce. Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, wani bawan Allah daga cikin masu sahu tare da mu ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya miƙo mana takarda mai shafi huɗu da Faransanci. Shekararsa goma sha ɗaya da aure, iyalinsa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ya sayar da gonar gado da shanun huɗa, sun tafi wata ƙasa neman magani, can aka ce musu sai dai a yi musu haihuwar kwalba, aka ba shi wannan takarda ya komo gida ya yi shawara kafin ya sa hannu. Tambayoyi uku ne a cikinta suka hana shi barci: ƙwai nawa ya yarda a haɗa, nawa za a mayar cikin mahaifa, kuma me za a yi da ragowar. Ya ce mana: "Malam, ni ban ma san abin da ake tambayata ba, balle in san halal ɗinsa da haram ɗinsa."

Gaskiya ya faɗa. Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Saboda haka muka ga wajibi ne mu fara bayyana wa jama'a abin da ke faruwa ga nuɗfa a kwanakinta na farko, da abin da hannun likita ke canzawa a cikinta, sa'an nan mu kawo maganar malamai.

RASHIN HAIHUWA DA NEMAN MAGANINSA

Allah (S.W.T.) ya sanar da mu a Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, cewa shi ke rabon ƴaƴa, mata ko maza ko gauraye, kuma shi ke barin wanda ya so ba haihuwa. Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya (A.S.) sun ɗanɗani wannan jira, sun roƙa, an ba su bayan girma ya kama su. Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya umurce mu da neman magani. To, neman haihuwa ta hanyar likita ba ja da ƙaddara ba ne, riƙon sababi ne kamar yadda manomi ke shuka yana jiran ruwan sama.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin rashin haihuwa idan ma'aurata sun shekara guda suna saduwa ba tare da wani kariya ba, ciki bai shiga ba. A shekarar 2023 ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manyan duniya yana gamuwa da wannan a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da ya kamata mazanmu su ji da kunnen basira shi ne, a kusan rabin gidajen da abin ya shafa, akwai hannun namiji a cikin matsalar. Sau nawa muka ga an kira baiwar Allah juya, uwar miji ta sa ta gaba da gori, an yi mata kishiya ta ɗaya da ta biyu, gida dai shiru, alhali maigidan bai taɓa yarda a auna shi ba? A wajen mata kuwa, babban dalili a ƙasashenmu shi ne toshewar hanyar ƙwai, wadda ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, ko ƙazantar da ta shiga jiki wajen haihuwa ko ɓari, ke haddasawa.

MAKON FARKO A CIKIN JIKIN MACE

A kowane wata jikin mace yakan nunar da ƙwai guda. Girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ya fi ƙwayar rairayi ƙanƙanta. Idan ya fito daga gidansa sai ya faɗa cikin wata siririyar hanya da ke gangarawa zuwa mahaifa, kuma bai fi kwana guda yana jira ba. Maniyyin namiji yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi masu wutsiya, amma ƴan ɗaruruwa kaɗai ke isa inda ƙwan yake, kuma guda ɗaya tak ke huda ɓawonsa ya shiga. Da shigarsa sai ɓawon ya taurare, ƙofa ta rufe.

Kowane ɗayansu yana zuwa da zaren gado 23, waɗanda likitoci ke kira kuromozom, su haɗu su zama 46. A cikinsu aka rubuta kama da launi da jinsi da wasu cututtukan da ake gada. Wannan ita ce gaurayayyar nuɗfa da aka ambata a farkon Suratul Insan.

Daga nan sai rabuwa ta fara. Ƙwayar ta tsage biyu, a kwana na biyu ta kai huɗu, a kwana na uku ta kai shida zuwa takwas. A kwana na huɗu ƙwayoyin su manne wa juna su dunƙule. A kwana na biyar ruwa ya taru a tsakiyarsu, su kai wajen ɗari ko fiye, kuma su kasu gida biyu: wani ɗan curi a ciki wanda shi ne zai zama jariri, da zagayen waje wanda zai zama mabiyiya. Farkon wannan yana faruwa ne tana tafe cikin hanya, sauran kuma bayan ta isa cikin mahaifa. Sa'an nan ta fasa ɓawonta kamar ɗan tsako, a wajen kwana na shida ko na bakwai ta fara maƙalewa a bangon mahaifa. Daga nan ne ake shiga matakan da Suratul Mu'minun ta jera a aya ta 12 zuwa ta 14, kuma cikin mako na huɗu zuciya ke soma bugawa.

Akwai wani abin lura a nan. A kwana biyu zuwa uku na farko, nuɗfa tana rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwan uwa. Sai a wajen kwana na uku zaren gadonta na kanta ke farkawa ya karɓi aiki, na uwa da na uba gaba ɗaya. Shi ya sa nuɗfar da maniyyin ubanta ke da lahani tana iya yin kyan gani har kwana uku, sa'an nan ta tsaya cik. Kuma ko a cikin jiki, da yawa daga cikin nuɗfofi ba su kai ga zama ciki, sukan fita tare da jinin al'ada mace ba ta sani ba. Lafiyayyun ma'aurata masu ƙuruciya ma, damar samun cikinsu a wata guda ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba.

HANYOYI UKU DA TASIRIN KOWACE

Hanya ta farko ita ce mafi sauƙi. A karɓi maniyyin miji, a tace shi, a zuba shi cikin mahaifar matarsa da siririn bututu a ranar da ƙwai zai fito. Haɗuwar tana faruwa a cikin jiki, nuɗfa ta yi tafiyarta kamar kullum, hannun mutum bai taɓa ta ba. Amma ba ta da amfani ga wadda hanyoyinta biyu suka toshe.

Hanya ta biyu ita ce wadda jama'a ke kira haihuwar kwalba, likitocin da suka yi karatu da Faransanci kuma suna ce mata FIV. Sunan kwalba yana ruɗar mutane, har wasu suna zaton a cikin kwalba jariri ke girma. Ba haka abin yake ba, kwana biyu zuwa shida kaɗai nuɗfa ke yi a waje. Ana yi wa mace allurai na wajen kwana goma zuwa goma sha biyu domin ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, a ciro su da allura kimanin awa 36 bayan allurar ƙarshe, a sa su cikin ɗan faranti tare da dubban ƙwayoyin maniyyin mijinta, a bar su su haɗu da kansu. Bayan awa 16 zuwa 18 a duba da madubin ƙara girma. Idan an ga ɗigo biyu a tsakiyar ƙwai, ɗaya na uwa ɗaya na uba, to haɗuwa ta yi daidai. Wani lokaci ƙwayoyin maniyyi biyu ke kutsawa tare, a ga ɗigo uku, zaren gado ya zama 69, irin wannan ba ta zama ɗa, kuma ba a mayar da ita.

Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, a hannun likita Patrick Steptoe da masani Robert Edwards da abokiyar aikinsu Jean Purdy. Faransa ta sami tata ta farko a 1982, Masar kuma a 1987. Waɗanda aka haifa ta haka a duniya yanzu sun haura miliyan 10, kuma ita Louise ta girma ta yi aure ta haihu da kanta ba tare da kwalba ba.

Hanya ta uku an same ta ne a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, aka bayyana ta a 1992 ta hannun Gianpiero Palermo da André Van Steirteghem da abokan aikinsu. Likitoci na kiranta iksi. A nan ma'aikaci ne ke zaɓar ƙwayar maniyyi guda da idonsa, ya tsotse ta cikin allurar gilashi da ta fi gashi siranta, ya huda ƙwai ya tura ta ciki. Rahama ce babba ga namijin da ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci ƙwarai ko ba su iya motsi. Sai dai tana tsallake tankaɗen da Allah ya sanya a hanya, inda mai ƙarfi ke wucewa raunana su zube, kuma idon mutum siffa da motsi yake gani, ba ya ganin abin da ke rubuce a ciki. Ƙalilan daga cikin ƙwai sukan lalace saboda hudar. Idan kuma raunin uban daga zaren gadonsa na maza yake, to ɗansa namiji zai gaje shi. A 2016 masu bincike a Burusel suka auna samarin farko da aka haifa ta wannan hanya saboda raunin ubanninsu, suka tarar yawan ƙwayoyin maniyyinsu ya kasa na tsararrakinsu. Wani gwaji babba kuma da aka yi a ƙasar Biyetnam, aka bayyana shi a 2021, ya nuna cewa idan maniyyin miji lafiya lau yake, hudar ba ta ƙara yawan haihuwa a kan hanya ta biyu. Saboda haka wanda aka ce za a yi masa ita, kuma kuɗinta ya fi yawa, yana da haƙƙin ya tambayi dalili.

AKWATIN ƊUMI DA RUWAN RAINO

Bayan haɗuwa ana ajiye nuɗfa cikin ɗigon ruwa mai gishiri da sukari da sauran abinci, a cikin akwati mai ɗumin digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. Ana ƙoƙarin kwaikwayon hanyar ƙwai ne, wadda take da duhu da ɗumi da ƙarancin iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijan kashi 21 cikin 100, amma a cikin hanyar ƙwai bai kai rabin haka ba, kuma an gane cewa nuɗfa ta fi yin kyau idan an rage shi zuwa wajen kashi 5. Sanyi kaɗan yana iya wargaza zaren da ke raba gado tsakanin ƙwayoyi. Turare da hayaƙi da ƙaurin fenti duk suna cutar da ita. Wannan ya sa wurin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ba shi da tsayayyen tanadi, bai cancanci a ba shi wannan amana ba komai kyan gininsa.

Har ruwan rainon kansa yana barin alama. A 2010 masu bincike a birnin Mastirik na ƙasar Holan suka nuna cewa jariran da aka raini nuɗfarsu a ruwa iri biyu dabam sun bambanta a nauyinsu ranar haihuwa. Ku duba, ƴan uwa: kwana biyu ko uku a cikin ɗigon ruwa, amma sawunsa yana nan bayan wata tara. Masana suna danganta irin wannan da wasu alamomi da ke bisa zaren gado, masu kama da wasali a kan baƙi, waɗanda ake gogewa a sake sanyawa daidai a wannan mako na farko. Akwai wasu cututtuka na rikicewar waɗannan alamomi da suka fi bayyana ga ƴaƴan kwalba, ko da yake a cikinsu ma ba safai ake ganinsu ba.

Kada wannan ya firgita kowa. Mafi yawan ƴaƴan kwalba lafiyayyu ne, suna girma suna karatu kamar kowa. A cikin haihuwa ɗari ta al'ada akan sami kimanin uku masu wata naƙasa ta halitta, a ta kwalba kuwa kimanin huɗu, kuma wani sashe na wannan ƙari daga ciwon da ya hana iyayen haihuwa tun farko yake, ba daga aikin likita kaɗai ba.

Abin da akwati ba ya iya gyarawa shi ne shekaru. Idan an ciro ƙwai goma nunannu, akan sami bakwai ko takwas su haɗu, kuma a cikin waɗannan sulusi zuwa rabi ne ke kai kwana na biyar. Yayin da mace ke ƙara shekaru, ƙwanta na ƙara yin kuskure wajen rabon zaren gado, har bayan shekara 40 fiye da rabin nuɗfofinta sukan zo da ƙari ko ragi. Ƙididdigar ƙasar Ingila ta shekarun nan tana nuna cewa ga matar da ba ta kai 35 ba, kimanin ɗaya cikin uku na nuɗfofin da aka mayar ke zama jariri, ga wadda ta kai 43 kuwa da ƙwan kanta, bai wuce ɗaya cikin ashirin ba. To, wanda ya ce maka tabbas ne, ko mayaudari ne ko jahili. Wanda kuma ya bar matarsa shekara goma sha biyar tsakanin boka da ɗan magori kafin ya kai ta awo, ya cinye mata lokacin da kuɗi ba su sayowa.

AJIYA CIKIN ƘANƘARA

Idan nuɗfofi sun yi saura, akan daskarar da su cikin ruwan iskar azot mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi komai na tsayawa, ba girma ba ruɓewa, shekara da shekaru. A 1984 aka haifi jaririya a birnin Melbon na Ostareliya daga nuɗfar da aka daskarar aka narkar. A da, ƙanƙarar takan yi tsini a cikin ƙwayoyin ta kashe da yawa, amma da dabarar daskarewar gaggawa da ake yi yanzu, fiye da tara cikin goma suna farfaɗowa.

Ita ma tana da nata tasiri. Jariran nuɗfar da aka mayar nan take sukan ɗan fi ƙanƙanta, na wadda aka daskarar kuwa sukan fi girma, wani lokaci har girman ya wahalar da naƙuda, kuma uwar ta fi fuskantar hawan jinin masu ciki, musamman idan da magunguna kaɗai aka shirya mahaifarta. Amfaninta shi ne tana hutar da mace daga maimaita allurai da cirar ƙwai, tana kuma ba da damar a mayar da ɗaya ɗaya.

AWON NUƊFA KAFIN A MAYAR

Tun 1990, a birnin Landan, aka fara ɗebe ƙwaya daga jikin nuɗfa a auna gadonta kafin a mayar. An gane daga baya cewa ɗebe ɗaya cikin takwas a kwana na uku yana rage mata ƙarfin kamawa, saboda haka yanzu an fi jira sai kwana na biyar, a ɗebi biyar zuwa goma daga zagayen da zai zama mabiyiya. Awon ba ma'asumi ba ne, domin wani lokaci ƙwayoyin nuɗfa guda ba su zama iri ɗaya, abin da aka ɗebo ya saɓa wa abin da aka bari.

Wannan ya shafe mu ta wajen amosanin jini, wato sikila, wadda ta yawaita a ƙasarmu. Idan miji da mata duka suna ɗauke da irinta, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Ana iya gane nuɗfar da ta tsira a mayar da ita. Amma awon jini kafin ɗaurin aure ya fi wannan sauƙi da araha nesa ba kusa ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Game da zaɓen namiji ko mace, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke a 2007 cewa ba a yin sa ta hannun likita sai don kauce wa ciwon gado da ke bin jinsi guda. Mai neman a zubar masa da nuɗfa don kawai mace ce, ya tuna cewa ayar Shura da kyautar ƴaƴa mata ta fara.

NAWA ZA A MAYAR?

A nan ne haɗari mafi girma yake, kuma daga son zuciyarmu yake fitowa. Wanda ya kashe miliyoyin sefa yakan ce a zuba uku ko huɗu, in Allah ya sa a sami Hasan da Husaini a huta. Amma mahaifa an gina ta ne domin ɗa guda. Fiye da rabin tagwaye ba su cika watanninsu, ƴan uku kuwa kusan dukkansu bakwaini ne, ga hawan jini da zubar jini ga uwa, ga ƙarancin wuraren rainon bakwaini a garuruwanmu. Ko nuɗfa guda aka mayar tana iya tsagewa ta zama tagwaye, kuma hakan ya fi faruwa a kwalba bisa ga cikin al'ada. Garin neman gira kada a rasa ido.

Idan uku ko huɗu suka kama, a wasu wurare sai a ba da shawarar a kashe wasu a cikin ciki domin sauran su rayu. Mu kuwa mabiya mazhabar Imamu Malik, abin dogaro a wurinmu, kamar yadda Shaihu Dardir ya tabbatar a sharhinsa na Mukhtasar, shi ne ba ya halatta a fitar da abin da mahaifa ta riga ta kama ko da bai kai kwana arba'in ba. Saboda haka kada mutum ya jefa kansa da gangan cikin ramin da ba shi fita sai ta haram. Ƙwararrun likitoci a yau su ma ɗaya suke shawartar a mayar, musamman ga mace mai ƙuruciya.

MAGANAR MALAMAI

A watan Maris 1980, Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, yana Muftin Masar a lokacin, ya ba da fatawar halaccin wannan aiki tsakanin miji da matarsa, da haramcin shigar wani na uku. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman ta duba surori bakwai, ta haramta biyar, ta halatta biyu idan akwai bukata: a haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa a waje a mayar cikin mahaifarta ita kanta, ko a zuba maniyyinsa cikin mahaifarta. Duk abin da ya shigo da maniyyin wani, ko ƙwan wata, ko mahaifar aro, haram ne, domin kiyaye nasaba yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare.

Akwai mas'alar da ta fi kusa da gidajenmu. Idan uwargida tana da ƙwai amma mahaifarta ba ta riƙe ciki, ko za a iya sanya nuɗfarta a mahaifar kishiyarta, tunda mijinsu ɗaya? Majalisar Makka ta halatta wannan a 1984, sa'an nan ta janye a 1985. Dalilinta shi ne kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a waɗannan kwanaki, a rasa sanin ɗan wace ce aka haifa, gado da muharramaka su rikice. Majalisar Amman ma ta sanya wannan sura cikin biyar ɗin da ta haramta. A cikin wannan janyewa akwai darasi ga ɗalibai: komawa ga gaskiya ba kasawa ba ce ga malami.

Game da ragowa, hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) da ke cikin Buhari da Muslim shi ne hujjar jamhur cewa ana busa rai bayan kwana 120. Nuɗfar kwana biyar da ke cikin faranti ba a busa mata rai ba, ba ta kuma kama mahaifa ba, amma asalin ɗan Adam ce, ba a wulaƙanta ta. Majalisar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa a taƙaita haɗawa ga adadin da ake bukata, idan an sami ragowa a bar ta har rayuwarta ta ƙare da kanta, kuma haram ne a sanya ta a jikin wata mace. Gidan fatawa na Masar da wasu malamai sun halatta daskarewa domin ma'auratan su yi amfani da ita nan gaba, bisa sharaɗin a tsare ta daga cakuɗuwa, kuma a mayar da ita igiyar aure tana nan. Idan miji ya rasu, ko aure ya mutu, to ba a mayar da ita.

ABIN DA MUKA CE WA MAI TAKARDA

Mun ce masa ya koma da iyalinsa su zauna da likita tare, domin jikinta ne zai ɗauki allurai, kuma ba a yi mata wannan aiki sai da yardarta. Ya tambayi dalilin da ya sa aka zaɓa musu wannan hanya ba waccan ba. Ya tambayi yadda ake rubuta suna a kan faranti da bututu, da ko mutum biyu ne ke shaida kowane mataki, domin kuskure a nan kuskuren nasaba ne. Ya nemi a haɗa gwargwadon bukata, a mayar da ɗaya, in likita ya ga larura biyu, kada a wuce haka. A wurin ragowa ya soke layin da ke cewa a ba da ita kyauta ga wasu ma'aurata, ya rubuta cewa tasu ce su biyu muddin suna raye kuma suna da aure. Ya sani kuma dokokin ƙasashe sun bambanta: Tunisiya ta hana kyautar maniyyi da ƙwai a dokarta ta 2001, Faransa kuwa ta halatta, saboda haka abin da doka ta yarda da shi a can ba lalle ne shari'a ta yarda da shi ba. Ya nemi likita mace ga iyalinsa in akwai, in babu to larura tana da hukuncinta gwargwadonta. Daga ƙarshe muka ce masa kada ya ci bashin da zai tozarta shi, kuma in an yi ba a dace ba, kada ya ɗora wa matarsa laifi, domin likita haɗawa kaɗai yake yi, ba shi ke cewa nuɗfa ta tsage ko ta kama ba.

Ga sauran jama'a kuma, yaron da aka samu ta wannan hanya tsakanin miji da matarsa ɗan halal ne cikakke, a yi masa suna, a yanka masa rago, ya ci gado, ya yi limanci in ya yi karatu. Wanda ya jefe shi ko uwarsa da mugun zance ya ɗauki zunubi mai nauyi. Waɗanda kuma Allah bai ba su ba, ko ba su da halin wannan tafiya, kada a mayar da su abin nuni a wurin suna da biki. Uwar Muminai A'isha (R.A.) ba ta haihu ba, kuma al'umma ba ta gushe tana cin gajiyar iliminta ba. Ga marayu nan cike da unguwanninmu masu bukatar riƙo, a riƙe su da sunan ubanninsu kamar yadda Suratul Ahzab ta hora.

Allah shi ba masu nema zuriya ɗayyiba, shi sauki masu ciki lafiya, shi sanyaya zukatan waɗanda ya jarraba da jira, shi shiryi likitocinmu ga riƙon amana. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararsa. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.